Dokin Ƙofa

Shekara hamsin da ɗaya ina hawan dokin nan ina sauka,
bai taɓa haniniya ba, bai taɓa neman dusa ba,
sai ran wata Laraba, da buta a hannuna,
ya ɗaga ni ya maka da ƙasa.
Dokin ƙofa fa! Ashe shi ma yana tutsu.

Mako uku a asibitin Shika ina ƙirga ƙusoshin silin.
Da aka sallame ni, Nalado ya taso daga Kaduna:
"Iya, haɗa kayanki, an gyara miki ɗaki,
ga 'yar aiki, ga sanyin inji."
Na ce, ɗan nan, wa zai ba kajina ruwa?
Wa zai amsa wa Tasallah in ta bugi katanga da asuba?
A Kwarbai aka wanke min lalle,
a Kwarbai za a wanke ni.
Kuɗin man motar nan, miƙo, in kira magini.

Sallau ya zo da guduma.
Bugu uku, doki ya kwanta.
Malam ne ya gina shi da hannunsa, Allah ya jiƙansa,
shekarar da ruwa ya ci soron maƙwabta.
Na tsinci ɓalli guda na ƙulle a bakin zane,
ban gaya wa kowa ba.

A gurbinsa aka zuba siminti mai gangare,
aka karce shi da tsintsiya tun yana ɗanye
don kada santsi ya sami wurin zama.
Ruwan farko ya shigo har gindin gado, ko sallama babu,
sai muka koma muka yanka masa kwata.
Kowa da hanyarsa, ba faɗa.

Wani yaro mai walda daga Tudun Wada
ya lanƙwasa tsohon bututun famfo,
ya kafa shi a bango, daga ɗaki zuwa bayi.
Taku goma sha bakwai ne, na ƙirga.
Da dare ƙarfen sanyi gare shi,
sai na naɗe shi da zannuwan da na daina ɗaurawa:
nan atamfar sunan Barira,
nan ankon bikin da ba mu ci komai ba sai rana,
nan shuɗin da na yi takaba da shi.
Hannuna na karanta su a duhu,
ya san saura taku nawa.

Masai kuwa, kada ku yi dariya,
kujerar katako aka huda wa tsakiya.
Gwiwa ta ce ta yi murabus daga tsuguno,
na ce Allah ya ba da lada, kin yi aiki.

Murhu ya hau bulo huɗu,
ina tuƙa tuwo a zaune kamar alƙali.
Kwanukan saman kabad sun sauko daidai ƙirji.
Tayil ɗin da Nalado ya shimfiɗa bara,
kyau kamar faranti, santsi kamar miyar kuɓewa,
na sa an ɓamɓare rabinsa; har yau bai huce ba.
Sallah ma a kujera nake yi,
wanda ya ba ni gwiwar ya san shekarunta.

Jiya Tasallah ta shigo tana dogara sanda,
ta shafa ƙarfen daga farko har ƙarshe, ta yi shiru,
can ta ce, "Nawa ya ci?"
Yau na ji ƙarar walda a bayan katanga.

Na sani, wata rana mutum huɗu za su fitar da ni,
kuma ba dokin da zai tare musu ƙafa,
na share musu hanya tun yanzu.
Amma kafin ranar,
makulli na rataye a wuyana da igiya ja,
ni ke buɗewa in gari ya waye,
ni ke rufe ƙofata bayan lisha.